Ƙarfen da Ilu Maƙeri Ya Goge

Ilu Maƙeri mijin yayata Hadijatu ne, wadda muke kira Dije, saboda haka akwai wasa tsakanina da shi. Tun ranar da aka ɗaura aurensu ban raga masa ba, shi ma bai raga mini ba. Ni sunana Zulkifli, awon hatsi nake yi a kasuwar Gumel, shi kuwa Sarkin Tiya yake kirana, wai tun da nake ban taɓa ɗaga abin da ya fi kwanon awo nauyi ba. Abin da ya sa na zauna rubuta labarinsa shi ne na ji an fara ba da shi a majalisa don a yi dariya kawai, kuma abin yana ba ni haushi. Ni a gabana aka yi kusan komai, na kuwa san dariyar ba ta kai rabin zancen ba.

A Gagarawa aka haife shi, a gidan da ƙira gado ce. Gajere ne mai faɗin ƙirji, bayan hannunsa duk tabon tartsatsi. Tun bai kai tsayin zuga-zugi ba mahaifinsa ya zaunar da shi yana hura wuta, kuma a wurinsa ya ɗauki ƙa'idar da ya rayu a kanta: duk ƙarfen da zai taɓa jikin ɗan Adam ba ya barin maƙera da kaushi. Idan tsohon ya gama lauje ko wuƙa, sai ya shafa gefenta a kuncinsa. In ta karce shi, ta koma ƙarƙashin magagari a sake goge ta. Wuri ɗaya kawai ake bari da kaushi, shi ne gindin da zai shiga ƙota, wanda har ƙananan sara ake ƙara masa don itace ya kama. Ilu ya gaji wannan shafa a kunci, har gefen fuskarsa na dama ya fi na hagu duhu.

Ya kuma gaji uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen da ake dukan aiki a kai. Sun ce kakan kakansu ne ya taho da ita daga gabas a bayan raƙumi. Ba a zama a kanta, ba a ba da aronta, zancen sayarwa kuwa ko da wasa ba a yi. Tana da wata ƙara siririya mai daɗewa a kunne, wadda in Ilu ya fara aiki da safe har matan bayan gari sun san Maƙeri ya tashi. A kanta ya ƙera fartanyu da gatura da haƙoran garmar shanu, manoma suna zuwa tun daga Sule Tankarkar su jira nasu, ranar Alhamis kuma ya ɗaure sauran ya nufi kasuwar Maigatari. Mutum ne mai gaskiya, amma taurin kansa ya fi na ƙarfen da yake duka, kuma na sha faɗa masa haka a gaban jama'a.

Yaya Dije ita ce daidai da shi. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, tafiyarta kamar ana binta, bakinta kuwa ba ya ajiye magana ta kwana. 'Ya'yansu sun girma sun kama gabansu, gidan ya rage su biyu suna ta faɗa da shiri.

Bayan girbi wata shekara ta hau tsani za ta ɗebo gero a rumbu, tsanin ya goce, ta faɗo a kan kwankwasonta. Aka kira maɗori ya ɗaure, aka yi ta jira. Ɗorin bai kama ba. Ƙafar ta gajarce, tafin ya juya waje, matar da ba ta iya zama wuri ɗaya ta koma jan jiki a kan tabarma, salla ma a kishingiɗe take yi. Ranar da na je na tarar ana ɗaga ta kamar buhu za a kai ta bayan gida, raina ya ɓaci, na yi wa Ilu tatas, na ɗauko mota muka kawo ta asibiti a Gumel. Hoto ya nuna ƙashin ya karye ne can cikin kwankwaso, inda ɗori ba ya kaiwa, aka tura mu Kano.

Likitan da muka samu a Kano sunansa Abdulbaqi, mutum mai sanyin magana. Ya ce kan ƙashin ya riga ya mutu, sai an cire shi an sa na ƙarfe: wata doguwar sanda da za ta shiga cikin ƙashin cinya, da ƙwallo a samanta.

Ilu ya gyara zama. "Likita, a gafarce ni. Jikin mutum ruwa ne da gishiri. Ni na san abin da gumi kaɗai ke yi wa fartanya a damina ɗaya. Ka ce a binne ƙarfe a cikin tsoka ya zauna lafiya?"

Likita bai ji haushi ba. Ya ce wannan ba irin ƙarfenku ba ne, Baba, sunansa taitaniyom. Da zarar ya haɗu da iska yakan yi wa kansa wata fata siririya da ido ba ya gani, ita ke hana shi tsatsa, ita kuma ke sa jiki ya ƙyale shi bai ɗauke shi baƙo ba. Ilu ya buɗe baki zai ƙara musu, Dije ta katse shi daga kan gadon da take kwance.

"Maƙeri, ƙafarka ce ko tawa? Likita, a sa."

Ya sayar da shanun huɗarsa, muka je shagon masu kayan asibiti muka sayo. Kwali biyu ne, ƙarami da dogo. Ƙaramin yana da 'yar taga ta leda, ana hango ƙwallon a ciki yana sheƙi. Dogon a rufe yake ruf. Mai shagon ya ja mana kunne cewa an kashe duk wata ƙwayar cuta a ciki, kada a buɗe sai a ɗakin tiyata. Ilu ya ce to. Ni da na san irin "to" ɗinsa ya kamata in riƙe kwalin, amma mijinta ne, kuma shi ya saya. Da aka auna Dije aka ga jininta ya yi ƙasa, sai aka ba ta magani aka ce mu koma gida ta ɗan murmure kafin ranar aiki. Na ajiye ta a gidana a Gumel don ta fi kusa da asibiti, shi kuma ya wuce Gagarawa da kwalayen.

Abin da ya faru a can, daga baya ya ba ni labari da bakinsa. Ya ce ya yi ta zagaya kwalin yana kallo, zuciyarsa tana gaya masa babu yadda za a yi ƙarfe ya shiga jikin Dije bai ga idonsa ba. Wata rana bayan azahar ya sa wuƙa ya farke. Ya ɗaga sandar ya ji ba ta kai nauyin da idonsa ya ba ta ba. Ya kanga mata mayen ƙarfe, bai kama ba. Abin ya burge shi. Sai ya lura rabinta na ƙasa sumul yake, na sama kuwa fari-fari ne mai kaushi kamar harshen saniya. Ya shafa a kuncinsa, ta karce shi.

Ya ce a lokacin ji ya yi kamar ya koma Kano ya shaƙe mai shagon. A ganinsa sun gama ƙwallon da ake hangowa ta taga, sun yi ha'inci a wanda suka ɓoye. Wannan abu mai karce kunci ne zai zauna a cikin naman matarsa yana gurzarta dare da rana? Ya ajiye aikin manoma gefe, ya ɗauko magagari. Ƙarfen ya cinye masa haƙoran magagarin. Ya kai wurin mai walda ya ɗora a injin washi, ya ce tartsatsin da ya tashi fari ne fat, irin wanda bai taɓa gani ba tun da yake ƙira. Daga nan ya bi da yashi mai laushi, ya bi da toka, ya ƙarasa da fata da mai. Kwanaki ya yi yana wannan aiki, kuma ya ce bai taɓa yin wani aiki da zuciya ɗaya kamarsa ba.

Ranar da aka kwantar da Dije a Kano, Likita Abdulbaqi ya ce a kawo kayan. Ilu ya miƙa ƙaramin kwali. Sannan ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya fito da wani farin ƙyalle, ya warware a hankali, ya ɗora a tebur yana murmushi.

"Ba su gama aikin ba, likita. Na ƙarasa musu."

Sandar tana walƙiya, har fuskata na gani a jikinta. Likita ya daɗe yana kallonta bai taɓa ba.

"Baba," in ji shi a hankali, "kaushin nan da ka goge, shi ne aikin."

Ya bayyana mana cewa da gangan ake yin sa. Ana narkar da garin taitaniyom da wuta mai tsananin zafi a fesa a jikin sandar, sannan a bi da wani farin shafi mai kama da abin da aka yi ƙashin mutum da shi. Ƙashi mai rai yakan tsiro ya shiga cikin waɗannan ƙananan ramuka ya riƙe ƙarfen gam. In sandar ta yi santsi, ƙashi ba shi da wurin kamawa, za ta yi ta motsi a ciki har ta kwance. Ƙwallon ne ake so da santsi, don shi juyawa yake yi.

Murmushin Ilu ya tafi. Ya dubi sandar, ya dubi hannunsa.

"Wato ƙashin shi ne ƙota," in ji shi.

Likita bai gane ba, ni na gane. Mutumin da ya yi shekaru yana ƙara wa gindin fartanya sara don itace ya kama, shi ne ya zauna ya goge na matarsa tas. Ya ce to a ba shi ya mayar da kaushin, yini ɗaya ya ishe shi. Likita ya girgiza kai. Ya ce magagarin da injin sun bar burbushin baƙin ƙarfe a jikinta, wanda shi zai yi tsatsa a cikin jiki, farin shafin kuma ya tafi, ba a maƙera ake yin sa ba. Sai an sayo wata. Ya ƙara da cewa kada mu ɗauki lokaci, domin kullum Dije tana kwance naman ƙafar yana ƙara shanyewa, kuma akwai ranar da ko an yi aikin ba za ta iya takawa ba.

Ni na so in ɓoye wa Dije, Ilu ya ƙi. Ya tsaya a gefen gadonta ya faɗa mata komai, bai rage ba. Na zaci za ta tara masa jama'a. Sai kawai ta ce, "Ko kunu zan dama maka sai na tambaye ka da tsami ko babu. Kai ba ka iya tambaya ba." Ta juya fuskarta bango. Gara a ce zaginsa ta yi.

A waje na sauke masa nawa. Na ce masa girman kai ne, ba ƙauna ba. Da na ce zan fitar da hatsin da na tara, sai ya ce in riƙe ɗawainiyar asibiti da mota, ya gode, amma ƙarfen shi zai saya.

"Da me?" na ce. "Shanun sun tafi."

"Sarkin Tiya, hannuna ya ɓata, hannuna zai gyara. Ka same ni a Gagarawa ranar Alhamis da sassafe, ka zo da a-kori-kura. Kada ka gaya wa Dije."

Da na isa na tarar ya haƙe ƙasa ya tono uwar maƙera. Dattawan maƙera biyu na zaune a ƙofar gida suna ba shi baki, suna cewa abin da kakanni suka bari ba na mutum ɗaya ba ne, a yi haƙuri a kai kuka masallaci, jama'a za su taimaka. Ya saurare su da ladabi, ya ce taimakon jama'a sai ya ɗauki lokacin da Dije ba ta da shi, kuma ba jama'a ne suka riƙe magagarin ba. Mu huɗu muka ɗora ta a mota da ƙyar.

A Maigatari, can gefen masu ƙarafa, wani maƙeri daga wajen Damagaram ya tsaya a kanta. Ya ɗauki masaɓa ya ɗan buga, ƙarar ta tashi ta ratsa hayaniyar kasuwar shanu. Ya dubi Ilu.

"Malam, irin wannan ba a kawo ta kasuwa. Lafiya?"

"Iyalina ce ba lafiya."

"Lokotoro ya ce akwai magani?" Likita yake nufi.

"Akwai."

Mutumin bai yi ciniki mai tsawo ba. Da za a ɗora ta a motarsu, Ilu ya riƙe hannunsa ya ce kada a bar yara su zauna a kanta, kuma a fara da bisimilla. Bai tsaya ya ga tashin motar ba. A hanyar dawowa ban tsokane shi ko sau ɗaya ba, abin da bai taɓa faruwa tsakaninmu ba.

Washegari muka sayo sabuwar sanda. Daga shago zuwa asibiti a cinyarsa ya ɗora kwalin, yatsunsa suna ta yawo a bakin leda. Na ce ya kawo in riƙe, ya ce a'a, shi zai kai. Ya miƙa wa likita da hannu biyu, a rufe yadda aka ba shi. Sannan ya roƙi a ƙara yi masa bayanin yadda ake fesa kaushin nan. Likita ya ɗauko wata ta gwaji da yake nuna wa ɗalibai ya ba shi. Ilu ya murza da babban yatsa, ya daɗe yana murzawa, ya yi tambayoyi kamar ɗan koyo, amma bai kai ta kunci ba.

Aka yi aiki lafiya. Da muka koma bayan wasu watanni, hoto ya nuna ƙashi ya tsiro ya manne da ƙarfen, likita ya ce ƙafa ta yi, saura mai ƙafa. A nan ne aka samu cikas. Dije ta ji tsoro. Matar da ba ta tsoron kowa ta ƙi yarda ta saki nauyinta a kan ƙafar sai mutum biyu sun riƙe ta, ko taku ɗaya. Mai koya mata tafiya a Gumel ya yi lallashi ya gaji, ya ce in ta ci gaba a haka ƙafar za ta sandare, wahalar ta tashi a banza. Na yi faɗa, matata ta yi roƙo, ta ce mu ba mu san yadda faɗuwa take ba. A ƙarshe ta ce a mayar da ita ɗakinta.

Na kai ta Gagarawa da yamma. Ilu ya shigo da wata sanda ta itacen kanya da ya sassaƙa. A samanta, wurin riƙewa, ya dasa ƙarfen nan da ya goge, lanƙwasarsa ta zauna daidai tafin hannu. Dije ta dubi ƙarfen sau ɗaya.

"Ɗauke mini wannan daga gabana."

Bai ɗauke ba. Ya jingine ta a bakin gado ya fita.

Na kwana a can. Da safe ina zaune a tsakar gida ina shan koko, na ji Ilu ya fara aiki a maƙera, wadda ke can ƙofar gida bayan zaure. Tun da ya sayar da uwar maƙera, a kan wani guntun ƙarfen tsohuwar babbar mota yake duka. Aiki yana fita, amma ƙarar a dakushe take, kamar ana dukan tukunyar da ta tsage. Ni na riga na saba da ita. Dije kuwa ranar ta fara ji.

"Zulkifli," ta kira daga ɗaki. "Wane ne ke aiki a maƙera?"

"Maƙeri ne, Yaya."

"Ba shi ba ne."

"Shi ne mana."

"To ba a kan uwar maƙera yake duka ba. Tun ina amarya nake tashi da ƙarar nan. Je ka kira mini shi."

Na yi alkawari ba zan faɗa ba, kuma ban ga dalilin da zan sauƙaƙa mata ba. Na ce koko nake sha, in tana da tambaya ga maƙera can. Ta kira ni da wasu sunaye da ba zan rubuta ba. Na ci gaba da shan kokona.

Can sai na ji ƙarar gado. Labule ya motsa. Ta fito tana dafe da bango da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da sandar. Ta saki bangon. Na yunƙura zan tashi, ta harare ni, na koma na zauna. Ta ratsa tsakar gidan tana cije leɓe, gumi yana tsattsafo mata, ta wuce rumbun da ya kayar da ita ba ta ko kalle shi ba, ta shiga zaure. Na bi ta a baya ba tare da na taɓa ta ba.

Ta tsaya a ƙofar maƙera. Ga ramin da aka tono, an cike shi da sabuwar ƙasa, ga guntun ƙarfen mota a kai. Ilu yana riƙe da awartaki, ƙarfe ya yi jajir a bakin awartakin.

"Maƙeri, ina uwar maƙera?"

Bai dubi fuskarta ba, ƙafafunta yake kallo.

"Dije, wa ya riƙo ki?"

Sai a lokacin ta waiwaya ta ga nisan da ke tsakaninta da ɗakinta. Ta sake juyowa.

"Tambayarka na yi. Ina take?"

"Ga ta nan kin taho da ita," in ji shi, yana nuna kwankwasonta.

Ta daɗe a tsaye, hannunta yana murza kan sandar. Ni dai ban ɓoye ba, hawaye na yi, kuma ranar na yafe masa taurin kansa gaba ɗaya. Ta ce in miƙo mata kujera mai tsayi, don likita ya hana ta zama a ƙasa. Na kawo, ta zauna a bakin ƙofa ta ɗora sandar a cinyarta. Ƙarfen da ke bakin awartaki ya riga ya huce, Ilu ya mayar da shi cikin wuta ya kama zuga.